Liyafar dare a Wuse 2 tare da ƙawaye: ta yaya zan je in dawo Kubwa lafiya?

'Yar Bautar Ƙasa ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun farkon makon nan. Ni 'yar Zariya ce, wata biyar ke nan da aka turo ni Abuja bautar ƙasa, kuma ina zaune a wajen goggona a Kubwa. Ranar Asabar mai zuwa wata abokiyar aikinmu za ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta. Ta kama wuri a wani gidan shaƙatawa da ke Wuse 2, ta ce za a fara da ƙarfe takwas na dare, a ci abinci, a yanka kek, a ɗan taka rawa har zuwa sha ɗaya ko sha biyu. Daga nan kuma waɗanda ba su gaji ba za su wuce wani gida da saurayinta ya kama haya na kwana ɗaya a Gwarinpa, a ƙarasa hira a can har gari ya waye.

Mu huɗu ne muka shirya tafiya tare. Biyu daga ciki na san su tun muna sansanin horo, ɗayar kuwa ƙawar ɗaya daga cikinsu ce, sau biyu kacal na taɓa ganinta. Ba na shan giya, ba na shan shisha, kuma ban taɓa shiga irin wannan wuri ba. Taron da na saba da shi shi ne kamu da dina irin na gida, inda duk inda na waiwaya akwai ɗan'uwa ko maƙwabci, kuma yayana ne yake zuwa da mota ya kwashe mu idan an tashi. A nan ba ni da wannan gatan.

Ina son zuwa, domin yarinyar ta yi mini kirki tun ranar da na fara aiki, ba kuma na so ta ga kamar na wulaƙanta gayyatarta. Amma ina jin labaran 'yan wan cans, wato masu yi wa fasinja fashi a motar haya, da na zuba wa mutane ƙwaya a abin sha, sai gabana ya riƙa faɗuwa. Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa tun da shawara nake nema: na yi niyyar in ce wa goggo zan kwana a wajen wata ƙawata a Dutsen Alhaji, saboda na san idan na faɗa mata gaskiya za ta kira mahaifiyata, maganar kuma ta yi tsawo. Don Allah waɗanda suka san garin nan da dare ku faɗa mini abin da ya kamata in kiyaye, da yadda zan dawo gida.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daɗe ina aikin dare a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Abuja, saboda haka zan faɗa miki abin da idona ya gani, in bar maganar hanya ga waɗanda suka fi ni saninta. Abu na farko da nake so ki cire daga ranki shi ne tunanin cewa rashin shan giya ya isa ya tsare ki. Da yawa daga cikin 'yan matan da ake kawo mana a daren Juma'a da na Asabar ba su san inda kansu yake ba, idan sun farfaɗo sai su rantse cewa lemo kawai suka sha, kuma gaskiya suka faɗa.

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake yin wannan ta'asa da su ita ce Rohypnol, wadda matasa ke kira roci, kuma dangin baliyam ce, wato maganin sa barci, amma ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Kamfanin da ke yin ta ya sa mata launin shuɗi domin ta tona kanta idan an jefa ta a abin sha mai haske, sai dai zoɓo da cafman da baƙin lemon kwalba duk suna ɓoye wannan launi, balle a wurin da fitilu ke walƙiya kala-kala. Cikin minti goma sha biyar zuwa talatin take fara aiki: jiri, nauyin harshe, ƙafafu su mutu, barci ya danne mutum, washegari kuma ya kasa tuna abin da ya faru da shi. Wannan mantuwar ce mugaye ke nema. Masu shekaruna ba su manta da abin da ya faru a 2012 ba, lokacin da wasu da suka ƙulla abota da wata ɗalibar jami'a ta Facebook suka yaudare ta zuwa Legas, suka ba ta wannan ƙwaya a otal, suka kashe ta, har kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 2017. Ba baƙi ba ne a wurinta, ta ɗauke su abokai ne.

Ba roci kaɗai ba ce. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har gobe ana tuttula shi a robar lemo a rufe, a riƙa miƙa wa juna kamar lemon gaske. Akwai kuma kek da biskit da ake kwaɓawa da tabar wiwi, waɗanda hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama masu sayar da su a garin nan a 2021. Hatsarin irin wannan kek shi ne ba ya nuna kansa da wuri, yana iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu kafin ya bugi mutum, lokacin kuwa ya riga ya ƙara yanka na biyu. Ba ina cewa kek ɗin ƙawarki haka yake ba, wanda aka yanka a gaban kowa, kowa kuma ya ci, ba shi nake tsoro ba. Wanda wani zai zaro daga leda ya ce ki ɗanɗana na musamman ne, shi za ki ƙi.

Saboda haka ki sha abin da aka kawo miki a rufe, ke da kanki ki buɗe, ki riƙe shi a hannunki da murfinsa. Idan kin ajiye kin tashi rawa ko kin zaga bayi, to kin rabu da shi ke nan, ki sayi wani, kuɗin ruwan roba ba su kai abin da ake gudu ba. Kada ki ji nauyin mayar da kofin da wani ya zuba ya miƙo miki, ko da da fara'a ya kawo, ko da ɗan'uwan mai bikin ne. Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu a kan cewa mayar da hannun kyauta rashin ɗa'a ne, kuma masu mugun nufi sun san da haka. Ki ce kin gode, kina da naki, magana ta ƙare. Ki ci abinci sosai kafin ki bar gida, domin komai ya fi saurin kama wanda cikinsa ba komai.

Idan kika ji jirin da ba ki san dalilinsa ba, kada ki tafi bayi ke kaɗai da niyyar wanke fuska, kada kuma ki yarda wani namiji ya ce zai fita da ke ki sha iska. Ki kama hannun ƙawar da kika fi amincewa da ita tun kina iya magana, ki ce mata an ba ki wani abu, ta fitar da ke. Idan kuwa ɗaya daga cikin ƙawayenki abin ya sama, ku kwantar da ita a gefenta, ba rigingine ba, domin idan amai ya taso kada ya koma mata huhu. Kada ku ɗura mata madara ko manja, kada ku cusa mata yatsa a maƙogwaro, wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa yake yi. Idan numfashinta ya yi ƙasa, ko tana wani irin munshari ana girgiza ta ba ta motsi, ko ta fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, wanda tiramadol kan jawo, to asibiti za ku nufa nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma daga Wuse 2 asibitocin gwamnati na Maitama da Wuse suna kusa.

Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan shi ne jinkiri. Yarinya za ta faɗi da ƙarfe ɗaya na dare, ƙawayenta su kai ta ɗaki su kulle su ce barci zai warware, ba don ba sa ƙaunarta ba, sai don kowace a cikinsu ta yi wa gida ƙarya, kuma kai ta asibiti na nufin asirin kowa ya tonu. Sai da hantsi su kawo ta, wani lokacin an makara. Ko da abin da ba a fata ne ya auku, aka keta mata haddi, akwai maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV da dole a fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28, kuma gara a zo kafin a yi wanka ko a wanke tufafi, a kuma ɗauki fitsari da wuri tun ƙwayar ba ta bar jiki ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke aiwatarwa a Abuja, ta sa zuba wa mutum abu don a gusar masa da hankali cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Laifin na wanda ya zuba ne, ba na wadda aka zuba wa ba.

Direban Haya ya amsa:

Malama, Anti ta gama da ɓangarenta, ni kuma bari in taɓo hanya, domin tuƙin haya ta manhaja nake yi, kuma yawancin aikina na dare ne. Daga Wuse 2 zuwa Kubwa tafiya ce ta kilomita ashirin da 'yan kai a kan babban titi mai faɗi, da rana cike da motoci, da tsakar dare kuwa wasu wuraren duhu ne ba kowa. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, Keke Napep ma ba ya aiki a wannan yanki, saboda haka idan sha biyu ta buga abin da ya rage miki shi ne motar wanda kika sani, ko motar manhaja irin su Bolt da Uber, ko ki tsaya bakin titi ki tare duk wadda ta zo. Wannan na ƙarshen ki soke shi gaba ɗaya.

Yadda 'yan wan cans ke aiki shi ne, mota za ta tsaya da fasinja biyu ko uku a ciki, sau da yawa har da mace don a kwantar wa mai shiga da hankali, direba yana kiran Kubwa ko Zuba, saura mutum ɗaya a cika. Da kin shiga sai a ɗaga gilashi a danne ƙofa, a fito da makami, a karɓi waya da katin banki, a tilasta miki faɗin lambar sirri, wasu ma da na'urar POS ɗinsu suke yawo. Idan sun gama sai su yar da mutum a inda ba kowa, wani lokacin ma motar ba ta tsayawa. A 2023 wata matashiya ta rasa ranta bayan an turo ta daga mota a hanyar Maitama zuwa Kubwa, wato hanyar da za ki bi ke nan. Fentin kore na tasi ba shaida ba ne, domin kowa na iya fenta motarsa. Tsayawa a Banex ko Berger ko ƙarƙashin gada da dare ana jiran mota ba abin da zan yarda ƙanwata ta yi ba ne, ko su nawa ne.

Idan motar manhaja za ku kira, ku kira kuna cikin harabar wurin, ku jira kusa da masu gadi har ta iso. Ki duba lambar motar da launinta da fuskar direban, su yi daidai da abin da wayarki ta nuna. Idan ya ce motarsa ta lalace ne ya ari ta ɗan'uwansa, ko kika ga wani zaune a gaba ya ce yaronsa ne, ki ba shi haƙuri ki kira wata. Kada ki fara faɗin sunanki, ki tambaye shi wa ya zo ɗauka. Wani zai ce ki soke tafiyar a manhaja ku daidaita a baki zai rage miki kuɗi, to ki sani da zarar kin soke babu sauran shaidar cewa kin taɓa shiga motarsa. Ki zauna a baya, kuma kafin ya ja ki gwada buɗe ƙofar daga ciki, domin akwai ɗan makullin da ake dannawa saboda yara wanda ke hana ta buɗuwa sai ta waje. Sannan ki tura bayanin tafiyar ga wani da yake farke yana kallo. WhatsApp na ba da damar nuna inda mutum yake kai tsaye har na awa takwas, ki kunna tun kafin ki bar gida.

Akwai abin da fasinja ba su cika sani ba. Direbobi da yawa ba sa son zuwa Kubwa bayan sha biyun dare, saboda za su dawo ba fasinja ga tsadar mai, sai ki ga an karɓa an soke sau uku ko huɗu, kuɗin kuma yana ta hawa, cajin waya yana sauka. A irin wannan lokacin ne mutum ke gajiya ya ce bari ya fita titi ya gwada sa'a, ko ya karɓi tayin wani da ya haɗu da shi a wurin bikin. Shi ya sa na fi son ki shirya komawarki tun da rana da direban da gidanku suka sani, ku yanka lokaci, kuma a ganina kada ya wuce goma da rabi. Ku kuma lura da wadda za a sauke a ƙarshe, domin ita ce za ta rage ita kaɗai da direba. Ya fi kyau ku sauka gida ɗaya ku kwana tare, in kuwa ba zai yiwu ba, to wani ya tsaya mata a bakin ƙofa har ta shiga.

Uban 'Yan Mata ya amsa:

'Yata, ina da 'ya'ya mata uku, babbar sa'arki ce, saboda haka zan yi miki magana kamar yadda zan yi mata. Da son raina ne, da kin je da wuri kin gaishe ta, kin miƙa mata kyautarki, kin dawo kafin dare ya yi nisa, domin haƙƙin zumunci ya sauka da wannan. Amma ke ba ƙaramar yarinya ba ce, kin gama jami'a, kuma da kika zo neman shawara ba ki ɓoye komai ba, wannan ya sa na ga ya dace in tsaya a kan abu biyu kawai.

Gidan Gwarinpa kada ki je. A gidan shaƙatawa akwai masu gadi, akwai ma'aikata, akwai baƙin ido, idan kin ɗaga murya za a ji. Gidan da aka kama na kwana ɗaya kuwa makullinsa na hannun mutum ɗaya, ba ki san su wa ya gayyata ba, maƙwabta ba su san kowa a cikinku ba, kuma idan kin ga abin da bai kwanta miki ba da ƙarfe uku na dare, ina za ki nufa? Ga kuma wayoyi a hannun kowa, ɗan bidiyon daƙiƙa goma da aka ɗauka ba da saninki ba yana iya riga ki isa Zariya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyun ya fi na farko nauyi, wato maganar da kika shirya faɗa wa goggonki. Duk dabarun da Anti da Malam direba suka kawo suna buƙatar mutum ɗaya a gida wanda ya san inda kike da lokacin da za ki dawo, wanda idan lokacin ya wuce zai tashi ya fara nema. Idan kin ce kina Dutsen Alhaji, to kin kwantar da wannan mutumin barci da hannunki, kuma idan wani abu ya faru, neman zai fara ne daga inda ba kya nan. Ba sai mugu ya shigo cikin lamarin ba ma. A watan Afrilun 2019 jami'ai sun kai samame gidajen rawa a Abuja suka kwashe mata da dama, kuma a irin wannan kame ba a tsayawa tantance wadda ta zo bikin ƙawarta. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce wajibi ne a sanar da dangin wanda aka kama, to wa za ki ce a kira, idan wadda ya kamata a kira ita ce kike ɓoye wa? Ki tafi da katin shaidarki na bautar ƙasa a jikinki, ki kuma bar wa goggo sunan wurin da lambobin ƙawayenki.

Goggonki amana aka ba ta, idan ta tsananta tsoron ranar da za ta tsaya gaban mahaifiyarki ne. Ki same ta lokacin da hankalinta ke kwance, ki faɗa mata wurin, da waɗanda za ki tafi da su, da lokacin dawowa, ki kuma roƙe ta ita ta zaɓi wanda zai ɗauko ki. Babba ya fi saurin yarda idan aka sa shi cikin shiri.

Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa ya amsa:

Na yarda da Baba a kan gidan Gwarinpa da kuma faɗin gaskiya, sai dai ina roƙon iyayenmu su ma su sauƙaƙa, domin idan yaro ya san amsar kullum a'a ce, ba fitar yake dainawa ba, faɗar yake dainawa. Abin da nake so in ƙara, 'yar'uwa, ya shafi motar wanda aka sani, domin ita ce ta kusa halaka ni. Shekara biyu da suka wuce mun tashi daga irin wannan taro, wani abokinmu ya ce zai sauke mu, na kuma ga abin da ya sha amma na ji kunyar in ce ba zan shiga ba. A wajen Mabushi ya daki shingen tsakiyar titi, na yi wata biyu da karaya a kafaɗa, wanda ke gaba kuwa har yau yana ɗingishi. Titunan Abuja da dare suna da faɗi ba kowa, suna ruɗin direba ya taka. Duk wanda kika ga ya sha wani abu, ko idonsa ya canza, ko yana ta hamma, kada ki shiga motarsa ko da ƙawayenki duka sun shiga. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ki ajiye ta tare da 112.

Sai waya. Ki sa wa layinki lambar sirri, ba fuskar waya kaɗai ba, domin ɓarayi kan zare layin su sa a wata wayar su kwashe kuɗin asusu da shi. Ki bar katin da alawus ɗinki ke shiga a gida, ki riƙe kuɗin mota a wani wuri daban da jakarki, ki rubuta lambar goggo da ta wani namiji na gida a takarda, saboda yawancinmu ba mu haddace lambar kowa ba. Ki kuma nemi lambar da bankinki ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, ki rubuta ta a wannan takardar.

Ku huɗun nan ku zauna kafin ranar ku yi magana a fili cewa yadda kuka shiga tare haka za ku fita tare, ba wadda za ta bi wani ko da ta ce ta san shi, sai ta faɗa wa sauran ido da ido. Ku kuma tsayar da wata kalma da idan ɗaya ta faɗe ta, ko ta turo ta a waya, kowa zai miƙe ba tare da tambaya ba.

'Yar Bautar Ƙasa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka, jiya bayan sallar isha'i na sami goggo na faɗa mata komai. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta yi faɗa kaɗan, sannan ta ce ɗanta zai kai mu ya kuma dawo ya ɗauke mu da ƙarfe goma da rabi, kuma ita da kanta za ta sanar da mahaifiyata. Ƙawayena biyu sun amince mu dawo tare su kwana a gidanmu. Matsalar da ta rage ita ce ta huɗun, wadda ta ce ita sai ta je Gwarinpa, domin a cewarta a can ne ainihin bikin yake. Anti, ban san ta sosai ba, amma raina bai kwanta da mu tafi mu bar ta ba. Me ya kamata in yi?

Ma'aikaciyar Jinya ta sake amsawa:

Ƙanwata, ba za ki iya ɗaure ta ba, kuma kada tausayinta ya ja ki zuwa inda kika riga kika yanke cewa ba za ki je ba. Ki sa ƙawar da ta kawo ta cikinku ta yi mata magana tun yau, ba a wurin biki cikin kiɗa ba, ta faɗa mata abin da aka faɗa miki game da abin sha, ta kuma sanar da ita cewa akwai gurbinta a mota da shimfiɗarta a Kubwa har zuwa lokacin da za ku tashi. Idan ta dage, ku karɓi cikakken adireshin gidan da sunan rukunin gidajen, da lambar mai bikin da ta saurayin nata, kuma ku bari su san kun karɓa, domin wanda ya san ana sane da inda yarinya take yakan yi taka-tsantsan. Ku tambaye ta ko akwai wata mace da ta sani da za ta kwana a can, ku haɗa su a gabanku. Ta kunna muku alamar inda take a WhatsApp, ta ba ku lambar wani nata na jini, sannan ku yi alkawarin kira da ƙarfe ɗaya na dare da kuma bayan sallar asuba, kira na murya ba saƙo ba, saboda kowa na iya rubuta saƙo da wayarta. Idan kun kira sau biyu ba ta ɗauka ba, ko kuka ji harshenta ya yi nauyi, ku kira mai bikin, in ba ku gamsu ba ku tashi goggo da ɗanta, ku kira ɗan'uwan nata da 112, ku ba su adireshin.